Yagaggun Aljihunan Anti Eirlys

A cocinmu ni ake bar wa rataye kwat ɗin mutane, don aiki ne da ba ya buƙatar magana. Ta haka na gane, wata Lahadi cikin Agusta, cewa aljihunan kwat ɗin Anti Eirlys duka biyu sun yage daga ciki. Makulli ko 'yar wuƙa kan huda aljihu ne a kusurwa. Nata kuwa ɗinkin ƙasan ne ya ɓalle gaba ɗaya, kamar an dunƙule hannu an yi ta turawa har zaren ya gaji. Anti Eirlys mace ce da ba ta kwana da tsinkakken maɓalli. Na rataye kwat ɗin.

A lokacin duk kwarinmu maganarta ake yi, ana cewa zuciyarta ta bushe. Matar da ta shekara ashirin da uku riƙe da hannun 'yarta, ga shi an gan ta tsaye a kan tudu, hannu a aljihu, yarinya na laluben hanya cikin duwatsu. Wasu suka ce rasuwar mijinta ce ta taɓa ta. Wasu suka ce ciwon ƙugu kan sa mutum baƙin rai.

Yayar mahaifiyata ce. Ubansu mai fasa dutse ne, ita kuma tun tana shekara goma sha biyar take aiki a shagon ɗinki a garin Dolgellau, har Gwilym na Hafod Wen ya aure ta, ya kai ta gidan da ke can ƙarshen kwari, inda kwalta ta ƙare. Ta je ba ta san komai game da tumaki ba. Ta koya yadda take koyon komai, baki rufe, ido buɗe. Sun shekara goma sha ɗaya ba haihuwa, sai ɓari biyu, sannan aka sami Nest. Tana wata shida likita ya gaya musu idanunta ba za su ga komai ba sai haske da duhu, da inuwar abin da ya matso dab da hancinta.

Daga ranar Anti Eirlys ta kama hannun Nest. Ita ke kai ta makaranta, ta zauna cikin mota da saƙarta har a tashi. Ita ke yanka mata nama a faranti. Idan suna tafiya za ka ji ta tana cewa taki biyu, ƙasa, hagu, akwai ruwa, kamar mai karatun addu'a. Nest tana da kai, tana da baki, ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, amma har ta kai ashirin da uku ba ta taɓa wuce ƙofar tsakar gida ita kaɗai ba. Mahaifinta ya yi gunaguni har ya gaji. Abin da ya samu yi kawai shi ne wani wasa: yakan yanko siffar kunnen tunkiya daga tsohuwar hula, ya yi masa tsaga irin wadda wani gida ke yi wa tumakinsa shaida, ya miƙa mata ta shafa ta faɗi mai shi. Kafin ta shekara goma ta san shaidar gidaje sama da arba'in da yatsunta. Amma inda kunnuwa masu rai suke, uwarta ta hana ta zuwa, don rago ba ya duba wanda zai tunkuya.

Gidaje biyar ke kiwo a kan tsaunin Moel Goch, kuma babu shinge ko ɗaya a kansa. Kowane garke ya san iyakarsa, saboda uwa ce ke nuna wa 'yarta, ita ma haka tata uwar ta nuna mata: ga idon ruwa, ga dutsen da ake fakewa idan iskar gabas ta taso, ga inda namu ya ƙare. An ce sabo turken wawa, to mu a kan tsaunin nan shi kaɗai ne turken da muke da shi. Garken da aka sayar ya tafi da abin da ya sani, sababbi kuwa watsewa suke yi.

Shekara biyu da rasuwar Gwilym, asibiti ya ba Anti Eirlys ranar aikin ƙugu, ƙarshen Satumba, aka ce za ta yi wata uku ba hawan tsauni. Sai ga Kawu Idwal, ƙaninsu da ke kiwo a ɗaya gefen tsaunin, ya zo da wata takarda mai sheƙi. Gida ne na masu lalurar ido a birni, tafiyar awa biyu a mota, akwai lambu, akwai ƙarfen dafawa a jikin kowane bango. Shawararsa ita ce a kai Nest can, a sayar da garke, ita Eirlys ta koma ƙaramin gida a gari. Ba da mugun nufi ya zo ba. Tambaya ɗaya ya yi mata: ranar da ta faɗi, wa zai riƙe yarinyar? Ta sa takardar bayan agogon bango, ta ce ya ba ta zuwa ranar rabon tumaki a Oktoba, ranar da ake koro su daga tsauni kowane gida ya ware nasa.

Akwai wata tunkiya a Hafod Wen mai suna Suga. Marainiya ce, a kwali kusa da murhu aka raine ta, da bulumboti. Sau uku ana kai ta tsauni, sau uku tana riga mai kai ta dawowa gida. Sau ɗaya da ta kwana a waje, a wurin ajiye motocin 'yan yawon buɗe ido aka tsince ta tana roƙon burodi. Ranar askin tumaki, maƙwabta sun cika kicin suna cin abincin rana, sai Suga ta turo kai ta ƙofa tana neman biskit. Aka yi dariya. Tecwyn, dattijon gidan da ke ƙasa da su, wanda bakinsa ba shi da birki, ya nuna ta da cokali.

"Ke kam, Eirlys, hannunki akwai albarka. Duk abin da kika raina sai ya yi ƙiba, amma ba ya wuce bakin ƙofa."

Tunkiya yake nufi. Sai da maganar ta fita ya tuna wadda ke zaune a gefensa. Cokula suka tsaya.

"Kada ka damu, Baba Tecwyn," in ji Nest. "Ni da Suga ajinmu ɗaya. Ta ma fi ni, ita ta taɓa zuwa wurin ajiye motoci."

Aka yi dariyar dole. Anti Eirlys ta tashi ta je ƙara ruwa a butar da ke cike.

Wannan hutun na dawo daga jami'a a Aberystwyth, ina auna gansakuka a kan tsaunin don takardar kammala karatuna. Tecwyn yana kirana malamar gansakuka. Wanda ya wuni rub da ciki da gilashin ƙara girma, mutane mantawa suke yi yana wurin. Shi ya sa na ga abin da ya biyo baya. Kowace safiya bayan ranar aski, Anti Eirlys takan hau tana ɗingishi, ta zauna a kan dutse, ta zuba wa wata tsohuwar tunkiya ido, wadda ke da baƙin ɗigo a hanci, muna ce mata Mai Ɗigo. Rana ta biyar ta zo ta zauna kusa da ni, ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko a jami'a an koya mana abin da tunkiya ke yi idan ɗanta ya yi kuka. Na ce mu tsirrai kawai aka koya mana.

Sai ta gaya mini. Satin farko ɗan yana manne da cikin uwarsa. Da sun hau tsauni sai ta yi ta zagayawa da shi, yau idon ruwa, gobe dutsen fakewa, jibi iyaka, kullum hanya ɗaya. Daga nan sai ta fara yin gaba tana kiwonta. Ɗan ya ɗaga kai bai gan ta ba, ya kwarma kuka.

"Tana amsawa," in ji ta. "Sau ɗaya, don ya san tana nan. Amma ba ta zuwa. Shi ke nemo hanya." Sannan ta ce shekara talatin da biyar tana kallon wannan abu, sai yanzu ta gan shi.

Washegari ta ɗauko sandar kiwon Gwilym daga bayan ƙofa ta ba Nest. Hanya ɗaya ta zaɓa: daga tsakar gida a bi jikin katanga zuwa ƙofar tsauni, a tsallake rafi a kan duwatsu uku, a hau ana jin ƙarar idon ruwa a hagu, har kewayen duwatsun da gidaje biyar ke rabon tumaki. Tafiyar awa guda ce. Satin farko kafaɗa da kafaɗa suka yi ta, kuma Anti Eirlys ta daina ƙirga mata taki. Nest ce ke faɗin abin da ta ji: nan ƙasa ta yi taushi, nan iska ta canja, akwai babban dutse a dama. Sati na biyu uwar ta koma taki goma a baya. A nan hannayen suka shiga aljihu.

Ina kusa ranar da Nest ta kauce ta faɗa taɓo. Ta nutse har cinya, takalmi ɗaya ya tafi, tafin hannunta ya yanke a kan dutse.

"Mam."

"Ina nan."

"Mam, na maƙale."

"Na gani. Ina nan."

Daga inda nake kwance ina ganin kafaɗun Anti Eirlys sun haɗe da kunnuwanta, kwat ɗin ya miƙe ƙasa kamar an rataya masa duwatsu. Kusan kwata na awa Nest ta yi tana fama, tana zage-zagen da ban san ta iya ba, kafin ta gane ta shimfiɗa sandar a kwance ta dafa ta fito. Mai kawo wasiƙa ya hango su daga titi, kafin yamma kowa ya ji. Nest ta kwana biyu ba ta yi wa uwarta magana ba.

A nan Anti Eirlys ta karaya, ta yi abin da ta fi kowa sanin bai kamata ba. Ta ɗauko shuɗiyar igiyar ɗaurin ciyawa, ta kafa turaku, ta ja ta a gefen taɓon tun daga rafi, ba ta gaya wa kowa ba. Sandar Nest ta ci karo da ita a rana ta farko. Ta bi ta da hannu har ƙarshe don ta san tsawonta, ta tumɓuke turakun, ta nannaɗe igiyar, ta ajiye ta a tsakiyar tebur lokacin abincin rana. Ina wurin, dankali na hannuna.

"Mam, ko ki riƙe ni ko ki sake ni. Wannan rabi da rabin ya fi gajiyar da ni. Ranar da iska ta tsinke igiyar, me na sani?"

Anti Eirlys ta daɗe tana kallon igiyar. "Ita tunkiya ba ta da igiya a rumbu," in ji ta, "shi ya sa ta fi ni haƙuri."

Nest ce ta fara dariya. Daga ranar suka shirya.

Cikin Satumba ƙugun ya hana Anti Eirlys wuce ƙofar tsauni. A nan take tsayawa, Nest ta hau ta dawo. Da farko takan kira daga nesa, a amsa mata sau ɗaya. Daga baya ta daina kira. Anti Eirlys ta gaya wa mahaifiyata cewa wannan ya fi ƙugun ciwo. A gida ma abubuwa suka canja. Nest ta ƙona yatsa biyu da tukunya ɗaya kafin ta iya miya. Wata Talata ta shiga bas ita kaɗai zuwa Dolgellau sayen zaren saƙa, ta dawo da launin da ba shi aka aike ta ba, kuma ta sa an rage mata gashin da uwarta ta shekara ashirin tana taje mata.

Aka yi aikin ƙugu lafiya. Ranar rabon tumaki ta zo Anti Eirlys tana kan sanduna biyu, iyakarta tsakar gida. Gari ya waye da yayyafi, gajimare ya sauko ya zauna a kan tsauni. Tun asuba maza suka hau da karnuka don koro tumaki, Tecwyn ya tafi da Fflos, karyar Hafod Wen. A al'adarmu kowane gida sai ya tsayar da mutuminsa a bakin kewaye ya karɓi nasa. Gidan da ba a ga kowa nasa ba, an fara yi masa ta'aziyya ke nan.

Kawu Idwal ya zo da motarsa ya ce shi zai tsaya wa Hafod Wen. Ya tarar Nest ta riga ta ɗaura takalmi. Ya ce to ta shigo mota su zagaya ta hanyar baya. Ta ce tumaki ba ta hanyar mota za su sauko ba, mai sauko da su kuwa gara ta san yadda ƙasa ta kwana. Ya dubi yayarsa, ita kuma ta dubi tsauni. Nest ta buɗe ƙofa ta fita.

Anti Eirlys ta kira ni kicin, ta miƙo mini fulas ɗin shayi da burodin zabibi na masu aiki. Ta rage murya.

"Ki bi bayanta daga nesa, ba za ta..." Sai ta tsaya. "A'a. Shiga mota ki bi Idwal."

A kewaye muka tarar da tumaki fiye da dubu a cakuɗe, jiƙe sharkaf, ruwa ya wanke fentin shaidar gidaje da ke bayansu har ja da shuɗi sun zama abu ɗaya. Aka sha shayi. Awa guda ta cika. Ta wuce da kwata. Ba a ganin komai bayan taki ashirin. Kawu Idwal ya ajiye kofi ya nufi gangare, sai Tecwyn ya gitta masa sanda.

"Zauna, Idwal. Da baki na ɓata, bari in gyara da sanda."

Ba a fi minti biyar ba muka ji ƙarar sanda a kan dutse, ɗaya bayan ɗaya, ba sauri. Fflos ta ruga cikin gajimaren. Nest ta fito, ƙafa ɗaya taɓo har gwiwa, gajeren gashinta manne da goshi. Ta ba da haƙurin jinkiri, ta ce ruwa ya rufe dutsen tsakiya na rafi, sai ta haura sama inda rafin ya tsuke ta tsallake. Tecwyn ya tambaye ta wa ya nuna mata wurin. Ta ce ba kowa, cikin Satumba ta ji sawun tumaki ya bi can, ta bi ta ga inda ya kai. Ni na san uwarta ba ta taɓa taka wurin ba.

Ta tsaya a ƙaramar ƙofar kewaye. Duk tunkiyar da ake shakka a kanta sai a turo mata, ta kama haɓa da hannu ɗaya, ta shafa kunne da ɗayan, ta faɗi gidan. Da farko mazan suna sunkuyawa su duba bayanta. Kafin a yi talatin suka daina. Wani rago ya bangaje ta ta zauna daɓas cikin kashin tumaki, ta tashi ta gaya masa abin da take tunani game da ubansa, ta ci gaba.

Wajen ƙarshe aka rage da wata tunkiya wadda lambar robar kunnenta ta faɗi, waya kuma ta taɓa yaga kunnen. Tecwyn ya ce ba tasa ba ce. Kawu Idwal ya duba da kyau ya ce wannan ba ta tsaunin nan ba ce ma, a kai ta wurin rabon tumakin kwarin gaba. Nest ta ce a kawo ta. Ta daɗe a kan kunnen hagu.

"Kawu, taka ce. Tsagar ƙasa ta haɗe, amma tabon yana nan. Kawo yatsanka."

Ta lalubo hannunsa, ta kama, ta ɗora yatsan a wurin. Ya tsaya sunkuye, hannunsa cikin nata.

"Idwal," in ji Tecwyn, "na ji an ce akwai wani gida a birni, da lambu, da ƙarfen dafawa a bango. Ko a nema maka ɗaki?"

Har karnuka sai da suka tsorata da dariyar. Kawu Idwal ya yi ja har kunne, amma shi ma ya yi.

Da la'asar aka buɗe wa garken Hafod Wen. Mai Ɗigo ce a gaba, tumaki ɗari uku a bayanta, sai Nest da Fflos, sai ni can baya da fulas ba komai ciki. Ta bi da su ta matsatsin rafin nan nata. Da muka ɓullo ƙasan gajimare na hango Anti Eirlys a ƙofar tsakar gida. Sanduna sun cinye mata hannu biyu, babu damar aljihu, ta damƙe su har gaɓoɓin yatsunta sun yi fari. Suga na tsaye a gefenta tana kallon 'yan'uwanta kamar baƙi.

Nest ta wuce ta gabanta, kusan kafaɗarsu ta gogi juna, ba ta tsaya ba. Ta kora garken cikin fili, ta rufe ƙofa, ta ɗaure, ta ja ta ji ta kamu. Sannan ta juyo.

"Mam?"

"Ina nan."

"Na san kina nan. An ɗora shayi, ko shi ma sai na zo?"

Kawu Idwal ya shigo shan shayin. Ba wanda ya ambaci birni ko sayar da garke. Da ya tashi tafiya ya miƙa hannu bayan agogo, ya zaro takardar, ya ninke ta huɗu, ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ta daɗe tana rawa. Ya ce ranar Alhamis za a yi rabo a nasu gefen, kuma idanunsa, kamar yadda jama'a suka shaida, ba abin dogaro ba ne. Nest ya fuskanta da ya yi maganar, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, don a da ta bakin uwarta yake tambayarta ko tana son sukari. Ta ce za ta duba ko tana da sarari.

Bayan ya fita, Nest ta tattara kofuna ta kai wurin wanki. Anti Eirlys ta ce in miƙo mata kwat ɗinta daga bayan ƙofa, da gwangwanin allura da ke kan taga. Ta juya aljihun dama waje, ta lashi bakin zare, ta zura, ta fara ɗinki.